Darasi na 7: Ƙudan zuma, guntun daji da gonar da ke kusa da shi

Toh jama'a, mu fara da furen kabewa tunda kusan kowa ya san shi. In ka duba da kyau za ka ga iri biyu ne, akwai namiji akwai mace, macen ita ce mai ɗan ƙulli a gindinta kamar ƙaramar kabewa. Wannan garin rawaya da ke cikin namijin dole sai ya isa cikin macen kafin ƙullin nan ya girma, in bai isa ba sai kawai ka ga ya yanƙwane ya faɗi. Wa ke kai shi? Ƙudan zuma. Shi fa ba don Allah yake yi ba, abincinsa ya zo nema, garin ya manne masa a jiki ya kai wani furen. Wannan shi ake cewa barbarar fure.

Masara da shinkafa ba ruwansu da wannan, iska ta ishe su. Amma kankana, kabewa, kofi da itatuwan daji masu yawa suna amfana da ƙwari sosai.

Abin da mutane ba su cika sani ba shi ne ƙudan zuma ba wanda ke cikin amya kaɗai ba ne, duniya akwai kusan iri 20,000, wasu ƙanana ne ko harbi ba sa yi kuma gidansu kogon tsohuwar bishiya ne, wasu rami suke tona a ƙasa, wasu su huda busasshen itace, to in aka sare kurmi aka bar guntu nan guntu can, a waɗannan guntayen suke fakewa, daga nan suke fitowa kiwo da safe. Matsalar ita ce ƙananan ba sa iya tafiya mai nisa.

A ƙasar Kosta Rika an auna wannan a wata babbar gonar kofi, aka fitar da sakamakon a 2004. Bishiyoyin da ba su wuce kilomita 1 daga daji ba sun fi na nesa bada amfani da kusan kashi 20 cikin 100, kuma nakasassun ƙwayoyi sun ragu. Da aka yi lissafi, guntayen daji biyu kacal suna ƙara wa gonar kusan dala 60,000 a shekara. Dajin da wani zai ce ɓarnar fili ne kenan fa.

Shi ma dajin yana buƙatar ƙudan zuman, in guntayen suka yi nisa da juna garin fure ba ya tsallakawa, iri ya ragu, sabbin bishiyoyi su daina tsirowa.

Saboda haka kar ka sare tsohuwar bishiya mai kogo haka siddan, ka bar layin itatuwa da ciyayi masu fure a bakin gona ya zama hanya tsakanin guntu da guntu. Feshin maganin ƙwari kuma, gaskiya a guje shi lokacin fure, in ya zama dole a bari sai yamma lis da ƙudan sun koma gida.

Aikin gida: gobe da sassafe ka tsaya gaban shuka mai fure a gefen da ya fi kusa da itatuwa, minti 10, ka ƙirga ƙwarin da suka sauka. Ka sake yi a tsakiyar gona. Rubuta lambobin biyu a littafinka ka zo da su aji.