Sola ko janareta a gidan gona: kurakuran da ke cinye kuɗin mutane

Duk mazaunin Kano da ya gina ɗan gida a gonarsa, ko a wajen Kura ne ko Bagwai ko can gefen Tiga inda turakun kamfanin wuta na KEDCO ba su kai ba, tambayar da yake fara yi ita ce: sola zan saka ko janareta zan saya? Daga nan ake fara ɓata. Ba a amsa wannan tambaya sai an san abin da za a kunna, da awa nawa zai yi a kunne. Mutum ya shiga kasuwar Sabon Gari ya ce wa mai shago, "Malam, haɗa mini wanda zai ɗauki gida," shi kuwa mai shago ya haɗa masa abin da yake son ya rabu da shi.

Ɗauki takarda ka yi lissafi kafin ka bar gida. Ana ninka yawan kayan da wat ɗinsu da awannin da za su yi a kunne: ƙwan fitila 6 masu wat 10, awa 5, sun ci 300. Fanka 2 masu wat 60, awa 8, sun ci 960. Talabijin da cajin waya, ka ce 350. Ƙaramin firij yana cin kusan 1,000 a yini, ya ma fi haka in zafi ya tsananta. Jimla ta haura 2,600. Ranar Kano mai ƙarfi ba ta wuce awa 5 zuwa 6 a yini ba, kuma kusan kashi ɗaya cikin huɗu na wutar yana salwanta a wayoyin wuta da batir da inbata, wato na'urar da ke juya wutar batir ta koma irin ta gida. Ke nan kana bukatar fanel, wato farantan sola, da suka kai wat 700 zuwa 800. Wanda ya sayi fanel ɗaya mai wat 300 ya ce sola ƙarya ce, shi ne bai yi lissafi ba.

Masu karkata ga janareta kuma kuɗin saye kawai suke dubawa. Gaskiya ne, ranar saye ya fi araha nesa ba kusa ba. Amma tun da aka cire tallafin mai a ranar 29 ga Mayun 2023, litar fetur ta tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa sama da 500, daga baya har ta taɓa haura 1,000. Janareta mai ƙarfin 2.5kVA yana shan kusan lita guda a awa. Awa 5 kowane dare, lita 150 ke nan a wata. Ka ninka da farashin yau, ka ƙara baƙin mai da ake canjawa duk bayan awa 50 zuwa 100, ka ƙara filogi da kuɗin makaniki da zai ce sai ka biya masa na babur kafin ya zo ƙauye. Ga wahalar dakon jarka. Sai dai in gidan na hutu ne, sau ɗaya a wata kake leƙawa ka kwana biyu, to janareta ya fi maka, domin batir da aka girke ba mai kula da shi yana tsufa ko ana amfani da shi ko ba a yi.

Batir ne inda aka fi kuka, don haka bari mu daɗe a kansa. Mutum ya ga an rubuta 200Ah a jikin batir mai bolt 12, ya ninka 200 da 12 ya samu 2,400, ya ɗauka duk wutar nan tasa ce. In batir ɗin na ruwa ne, irin dogon nan da ake cewa tubula, rabin wannan kawai ya kamata ka sha. Kullum ka zuƙe shi har inbata ta yi kuka ta ɗauke, ba zai kai maka shekara biyu da lafiya ba. Na litiyom yana ba da kashi 80 zuwa 90, yana kuma daɗewa, amma da tsada. Sannan ga zafi. Batir na ruwa an yi shi ne don yanayi mai digiri 25, kuma duk ƙarin digiri 10 yana iya rage rabin rayuwarsa. A Kano kuwa watan Afrilu digiri 40 ba labari ba ne. Amma sai ka tarar an kulle batura a ɗan ɗaki mai rufin kwano babu ko taga, wai don ɓarayi. Nemi ɗaki mafi sanyi mai shan iska, ka ɗora su a kan katako, ka riƙa duba ruwansu duk wata, ka cika da ruwan batir na gaske, ban da na rijiya ko na leda. Kada kuma ka haɗa sabo da tsoho a layi ɗaya. Tsohon zai ja sabon ƙasa.

Wani abin da ke ba ni mamaki shi ne yadda ake kafa fanel a manta da shi. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu ƙurar hunturu tana kwanciya a kansa, mai gida yana ta zargin batir alhali laifin yana kan rufi. Ruwa da tsumma mai laushi sun isa, da sassafe ko da yamma, kada a zuba ruwan sanyi a kan gilashin da ya ɗauki zafin rana. A sa fanel ya fuskanci kudu, da ɗan karkata ta digiri 10 zuwa 15, don ruwan sama ya riƙa wanke shi. A lura da inuwar darbejiya ko mangwaro: reshe ɗaya ya rufe gefen fanel, duk layin ya yi rauni. Kuma a yi lissafi da watan Agusta, lokacin da hadari kan rufe rana kwana biyu ko uku a jere.

Rijiyar burtsatse ita ce ke karya yawancin tsarin sola a gona. Injin jawo ruwa lokacin da zai tashi yana fizgar wuta ninki uku zuwa biyar na abin da aka rubuta a jikinsa, haka ma firiza. Ƙaramar inbata ba ta jure wannan. Hanya mafi sauƙi ita ce a sa injin da ke aiki kai tsaye da fanel, ba ruwansa da batir, ya cika tanki da rana a sha da dare. Tanki ya fi batir araha, kuma ba ya mutuwa a shekara biyu. Injin niƙa da na walda da dutsen guga kuwa a bar wa janareta su. Shi ya sa ga mai zama a gona kullum, ni abin da nake gani shi ne matsakaicin sola don fitila da fanka da firij, da ƙaramin janareta a gefe don aiki mai nauyi da kwanakin hadari. In inbatar mai caji ce, janaretan zai iya cika batir yayin da ake wancan aikin.

A janareta ma ana kuskuren girma. Abin da aka rubuta da kVA ba shi ne wat ɗin da zai ba ka ba. A manyan injuna akan cire kusan kashi 20, ƙanana na kasuwa kuwa sau da yawa ba sa kai abin da ke jikin kwalinsu. Sayen ƙato mai shan gas don kunna ƙwai huɗu shi ma asara ce, mai yana ƙonewa a banza, injin yana tara baƙin hayaƙi.

Kuskuren da ba ya gyaruwa shi ne shigar da janareta cikin ɗaki ko soro ko baranda don tsoron ɓarayi ko ruwan sama. Iskar guba da ke cikin hayaƙinsa ba ta da wari ba ta da launi, kuma ta sha kashe iyali guda a cikin barci. A gina masa keji na ƙarfe a waje, mai rufi da kwaɗo, aƙalla mita 6 daga taga da ƙofa, bututun hayaƙin yana kallon daji. Fanel ma a ɗaure shi da ƙarfe a yi masa walda, a kuma kafa sandar ƙarfe a ƙasa don tsawa kafin damina ta faɗi.