Yadda ake lissafa nisan Legas zuwa Guangzhou ta sama

Duk ɗan kasuwar da ke zaune a Agege ko Idi-Araba, mai shirin zuwa ƙasar Sin saro kaya, ya kamata ya san nisan tafiyarsa tun kafin ya biya kuɗin tikiti, domin da wannan sanin ne zai gane ko hanyar da wakilin tafiye-tafiye ya zaɓa masa miƙaƙƙiya ce ko kuwa zagaye ne.

Da farko a rabu da shimfiɗaɗɗiyar taswirar bango, saboda duniya kewayayya ce, kuma layin da ya yi kama da miƙaƙƙe a kan takarda ba shi ne mafi kusa ba. Wanda ya samu ƙwallon duniya irin na makaranta, sai ya ɗora bakin zare a kan Legas, ɗaya bakin a kan Guangzhou, ya ja shi ya yi tsantsan. Zai ga zaren ya ratsa Sudan da Saudiyya, ya bi ta saman Dubai da arewacin Indiya. A intanet kuwa, shafin Great Circle Mapper yana yin wannan aikin: ana rubuta LOS, wato filin jirgin Murtala Muhammed da ke Ikeja, da CAN, alamar filin Guangzhou, sai amsa ta fito, kimanin kilomita 11,700. Idan da mil aka bayar, a ninka da 1.6.

Daga nan sai a auna zango-zango, kuma a nan ne amfanin lissafin yake. Legas zuwa Dubai kimanin kilomita 5,900 ne, Dubai zuwa Guangzhou kuma 5,800, ke nan matafiyi bai kauce daga layi ba ko kaɗan. Ta Adis Ababa, zangon farko 3,900 ne, na biyu 8,000, ƙarin bai taka kara ya karya ba. Amma wanda aka bi da shi ta Istanbul ya haura arewa sosai, jimillar tafiyarsa ta kai kusan 12,500, wato ƙarin kusan awa guda a sama.

Don mayar da nisa lokaci, a raba shi da 850, wanda shi ne kimanin kilomitar da babban jirgin fasinja ke ci a awa ɗaya, sannan a ƙara rabin awa a kowane zango saboda tashi da sauka. Hanyar Dubai za ta ba da awa 14 zuwa 15 a cikin jirgi. Dawowa takan ɗan fi tsawo, domin iskar can sama daga yamma take kaɗawa zuwa gabas.

Abin da na fi jan hankalin 'yan'uwa a kai shi ne agogo. Sin tana gaban Najeriya da awa 7, kuma kowane lokaci da aka rubuta a tikiti na garin da ake tashi ko sauka ne. Saboda haka a cire awa 7 daga lokacin sauka, a ƙidaya daga lokacin tashi, sannan a debe awoyin jirgi; abin da ya rage shi ne zaman jira a filin yada zango. Idan jiran ya haura awa goma, a tambayi wakilin ko kamfanin jirgin yana bayar da masauki, kafin a miƙa kuɗi.