Yadda Ake Kula da Amosanin Gaɓɓai a Hannu

Ciwon da mutanenmu ke kira sanyin ƙashi ko amosanin gaɓɓai, idan ya kama yatsu, wuyan hannu, gwiwar hannu ko kafaɗa, yakan hana manomi riƙe ƙotar fartanya, ya hana mace ɗaga taɓarya ko matse wanki. Kafin a nemi magani, wajibi ne a gane irin wanda ke damun mutum, domin ciwon ba iri ɗaya ba ne.

A lura da hannun da asuba. Idan yatsu sun sandare amma suka saki kafin rabin awa, ciwon kuma yana tsananta bayan aiki, galibi guringuntsin da ke tsakanin ƙasusuwa ne ya zaizaye saboda shekaru da wahala, kuma ya fi kama gindin babban yatsa da gaɓoɓin da ke kusa da farce. Idan kuwa sandarewar ta wuce awa 1, hannayen biyu suka kumbura a wuri iri ɗaya, ga kasala, to mai yiwuwa garkuwar jiki ce ke yaƙar gaɓoɓin. Wannan ya fi samun mata, kuma ba ya son jinkiri, domin ƙwaya ba ta miƙar da yatsan da ya riga ya karkace.

A gida, a tsoma hannu cikin ruwan ɗumi na minti 10 zuwa 15, musamman da hunturu, sannan a dunƙule shi a hankali a buɗe sau 10, a taɓa kan kowane yatsa da babban yatsa. Kada a daina aiki gaba ɗaya, domin gaɓar da aka ajiye ƙara ƙagewa take yi. A dai riƙa hutawa tsakani. A naɗa tsumma a ƙotar fartanya ko lauje don ta yi kauri, a ɗauki bokiti da hannu biyu, a kai hatsi inji idan da hali.

Babba na iya shan farasitamol mai miligiram 500, ƙwaya 2 a lokaci ɗaya, kada ya wuce 8 a yini. Man shafawa na Diclofenac ya fi ƙwayarsa sauƙi ga ciki. Abin da ya fi damuna shi ne haɗin da masu tallan magani ke ƙullawa a leda ranar kasuwa, wanda sau da yawa akwai Dexamethasone ko Prednisolone a ciki. Mutum zai ji sauƙi nan take, amma daɗewa a kansu na kawo kumburin fuska, hawan jini, ciwon suga da raunin ƙashi, kamar yadda yawan shan Ibuprofen da Diclofenac ke jawo gyambon ciki da lalacewar ƙoda. Wanda ya daɗe yana shan haɗin kada ya yanke shi rana ɗaya, sai likita ya rage masa a hankali. Tsaga da ƙaho ma ba sa kaiwa cikin gaɓa.

Mai nau'i na biyu, wato wanda garkuwar jiki ke yaƙar gaɓoɓinsa, ya nemi takardar turawa daga asibitin garinsu zuwa Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, ko Asibitin Ƙashi na Dala, ko na Rasheed Shekoni da ke Dutse, inda za a gwada jini a ɗauki hoton ƙashi. Likita kan ba da Methotrexate, wanda sau ɗaya ake sha a mako, kuma mai ciki ko mai neman haihuwa ba ta shan sa. Idan gaɓa ɗaya ta yi zafi ta kumbura tare da zazzaɓi, ko hannun jariri ya kumbura, wanda kan zama alamar sikila, a tafi asibiti a ranar.