Yadda za ka gane inda ruwan ƙoramarku ke tasowa

In kana son sanin ƙasar da ke shayar da ƙoramar garinku kafin ta kai Dam ɗin Goronyo, kada ka je da rani, babu abin gani sai yashi da sawun shanu. Bari sai Agusta, an yi ruwa da dare, ka fita da sassafe ƙasa na jiƙe.

Fara daga bakin ƙoramar ka bi ta sama, wato ka fuskanci inda ruwan ke fitowa, duk kwazazzabon da ya shigo mata ka ɗauke shi hoto da waya, haka za ka yi ta tafiya har ka hau tudun da ruwa ke rabuwa biyu, wanga ya gangara wajenku wancan ya nufi wani kwari daban. To nan ne iyakar, duk ruwan da ya sauka ta gefenku na ƙoramarku ne. In ƙafa ta gaji buɗe Google Earth, wato taswirar duniya ta intanet, a kwamfuta, yana nuna tsayin wuri duk inda ka aza linzami.

Amma ni abin da na fi kallo launin ruwan ne. Ɗebo a gora ka ajiye awa ɗaya, in laka ta kwanta jajir a gindi to gonar wani ce ke zaizayewa, kuma can za ta ƙare cikin dam ɗin da aka tare Gulbin Rima da shi tun 1984, tana cike shi a hankali. Tambayi tsofaffin manoman fadama ma, sun san kwazazzabon da bara babu shi.