Yadda ake zaɓen kayan gyaran birkin gaba na tsohuwar Hilux

Kafin ka nufi kasuwar kayan gyara ta Ƙofar Ruwa ko Panteka, kwance taya ka ga abin da ke jikin motar. Tsohuwar Hilux, musamman irin su LN106 na shekarun 1990, ta sha hannun makanikai, ba mamaki an taɓa sauya mata kalifa, wato ƙarfen da ke matse faifan birki, ko ma aksul gaba ɗaya. Saboda haka lambar shasi kaɗai ba ta isa ba. Rubuta ta, amma ka tafi da tsohon fad, wato abin da ke goga faifai in an taka birki, a leda, ka ɗauki hoton kalifar da waya. Mai fowil, wato mai ja da tayoyi huɗu, tana da noti 6 a taya da kalifa mai fistin 4, wadda ba fowil ba kuwa noti 5 ne da fistin guda, kuma kayansu ba sa shiga juna.

Tsohon fad shi zai gaya maka abin da za ka saya. In duka huɗun sun ci daidai, kalifa lafiya lau take. In ɗaya ya cinye ya bar ɗan'uwansa da kauri, ko ya ci a karkace, to fistin ya maƙale ko fil ɗin kalifa ya yi tsatsa, kuma sabon fad ma haka zai ƙare. Fad da ya sauko milimita 3 ya gama aiki.

Wajen sayen sabo, duba gefensa, sau da yawa za ka ga haruffa biyu kamar EE ko FF. Na farko ƙarfin kamunsa ne yana sanyi, na biyu kuma bayan ya ɗau zafi. E na nufin 0.25 zuwa 0.35, F kuma 0.35 zuwa 0.45. Motar da ke ɗaukar buhuna FF ya dace da ita, kuma mai haɗin ƙarfe a jiki, domin ya fi jure zafi, ko da yake yana ɗan ƙara kuma yana cin faifai. Akebono da Advics sunaye ne masu kyau, sai dai kwali ba shaida ba ne, jabu ya cika kasuwa. Ɗora sabon a kan tsohon, kunnuwa da ramukan fil su hau daidai. In ka ga tazara tsakanin abin kamun da ƙarfen bayansa, ajiye musu abinsu. Fad na hannu kuwa, ko kyauta aka ba ka kada ka karɓa.

Faifai yana da iyakar kauri da aka buga a gefensa da harafin MIN TH. A auna da ma'auni a wurin da fad ke gogawa, ba a bakin da ya yi tudu ba. In ya kai iyakar, ko ya tsage, ko feda tana rawa in an taka, a sauya. Kai shi injin sassaƙa yana da amfani ne kawai in bayan sassaƙar zai tsaya sama da lambar, domin siririn faifai saurin zafi gare shi. Hagu da dama tare ake sauyawa, in ba haka ba mota za ta riƙa ja gefe guda.

A mai fowil faifan yana bayan hob ne, wato cibiyar da ake ɗaura taya a kai, ba ya fita sai an kwance hob ɗin da soket mai lamba 54. Tunda an buɗe, sil na ciki ba ya komawa, haka ma washa mai kunne da ke kulle noti. Sayi biyu-biyu. A wanke boris a duba, in ya yi shuɗi-shuɗi ko ƙananan ramuka a sa sabo, Koyo ko NSK ko NTN, tare da zobensa. Giris ya zama mai jure zafi na boris ɗin taya.

Kalifa ita ce wurin da mutane ke tsumulmula, kuma nan matsalar take. Kit na roba yana da araha, amma ba zai yi komai ba in fistin ya ci tsatsa. Shafa farce a jikinsa, in farcen ya kama, fistin ɗin ya tafi, zai yanke sabuwar roba ya fara yoyo. A sayi fistin tare da kit. In kalifar tokumbo za ka ɗauka, tabbatar kusar fitar da iska tana kwancewa, kuma ka lura da ta hagu da ta dama: kusar dole ta kasance a sama, in ta juya ƙasa iska ba za ta fita ba komai yawan bugun feda. Kada a wanke robobin da fetur ko a shafa musu giris na yau da kullum, kumbura suke yi. Man birki ko giris na roba kawai.

Tiyo ma a lanƙwasa shi a duba tsaga. Wani kuma lafiya ƙalau a waje amma ya toshe a ciki, sai taya ta riƙe bayan an saki feda. Motar da ta haura shekara 20 da tiyonta na asali, a sauya duka, da sababbin washa na tagulla inda ake sa su.

Man birki lita 1 ya isa wanke layin duka. DOT 3 ko DOT 4, na biyun ya fi jure zafi, digiri 230 a kan 205. DOT 5 kuwa ba ya gauraya da su, kada ya shiga. Sayi gwangwani a rufe, domin man yana shan danshi. Bayan an ɗaura komai, a buga feda har ta yi tauri kafin mota ta motsa, sannan a samu titi marar cunkoso a rage gudu daga kilomita 60 zuwa 10 kamar sau goma ba tare da tsayawa cak ba, don fad ya zauna a kan faifai.