Yadda matashi zai zaɓi babur ɗinsa na farko ba tare da ya sayi wahala ba

Babur na farko ba na nunawa ba ne, na koyo ne. Za ka kayar da shi, za ka kashe shi a tsakiyar mahaɗa, wata rana ma ka manta ba ka duba baƙin mai ba. Don haka wanda ya dace da kai shi ne mai jure duk wannan, ya kuma tashi da safe ba sai an tura ba. Irin wannan babur ba kasafai yake burge abokai ba. Ga yadda ake gano shi.

Da farko, san abin da doka ta yarje maka

Kafin ka fara kallon hotuna, tambayi hukumar da ke ba da lasisi a ƙasarku wane girman inji aka yarda mai shekarunka ya hau. Ƙasashe sun bambanta. A Tarayyar Turai, ƙaramin babur da ake ce wa mofed shi ne wanda injinsa bai wuce cc 50 ba, gudunsa kuma bai wuce kilomita 45 a awa ba. A Birtaniya ɗan shekara 16 zai iya hawan irinsa bayan horon farko na dole, amma sai ya kai 17 zai hau mai cc 125. Ka tambayi kuɗin inshora tun a wannan matakin, domin ga sabon direba mai ƙananan shekaru yakan yi nauyi.

Akwai masu cire abin da kamfani ya sa don taƙaita gudun mofed, su ce maka "an buɗe shi". Kada ka saya. A takarda mofed ne, a hanya kuma ya wuce abin da lasisinka ya ɗauka, ranar da aka yi haɗari inshora na iya zame jiki.

Na biyu, zaɓi iri kafin ka zaɓi launi

Ƙananan babura kusan kashi uku ne. Akwai sikuta, wadda ba ta da giya: ka murɗa totur ta tafi, ka kama birki ta tsaya. Akwai mai giya amma babu kulocin hannu, irin Honda Super Cub da 'yan uwanta, ƙafa kawai ke aiki. Sai mai giya da kuloci, irin Honda CG125 ko Yamaha YBR125. Idan zirga-zirgarka makaranta ce da aike a cikin gari, sikuta ta isa, kuma tana barin hankalinka a kan hanya maimakon a kan ƙafa. Sai dai ƙananan tayoyinta ba sa son rami. Idan kana da burin hawan babban babur nan gaba, gara ka koyi kuloci tun yanzu a kan ƙaramin inji mai yafe kuskure.

Batun inji kuwa, ra'ayina a fili yake: ɗauki mai bugu huɗu, wato wanda baƙin mansa ke zaune daban a cikin inji. Mai bugu biyu yana ƙona mai na musamman tare da fetur, ya fi zafin tashi, amma yana cin fulogi, yana hayaƙi, kuma ranar da man ya ƙare ba ka lura ba, injin zai kama. Mai koyo yana da isassun abubuwan tunawa.

Sannan ka zaɓi abin da ya cika gari. An fara ƙera Super Cub a 1958, zuwa 2017 adadin da aka ƙera ya kai miliyan 100. Amfanin irin wannan yawa shi ne duk bakanike ya san cikinsa, kayan gyaransa kuma ba sai an jira wata guda ba. Babur mai sabon suna da ba wanda ya sani yana iya zama da arha ranar saye, amma ka tambayi masu sayar da kayan gyara biyu ko uku ko suna da takalmin birkinsa da wayar totur ɗinsa. Idan sun ɗaga kafaɗa, ka sami amsa.

Na uku, hau ka ji ko naka ne

Zauna a sirdi. Ƙafafunka biyu su taɓa ƙasa, aƙalla da gaban tafin ƙafa, ba da ɗan yatsa ɗaya ba. Sauka ka tura shi gaba da baya, ka ɗora shi a kan jak ka sauke. Mai cc 125 galibi yana tsakanin kilo 110 da 140, kuma yawancin faɗuwar mai koyo a tsaye ake yinta ko a tafiyar hawainiya, lokacin da nauyin ya rinjaye shi. In ba za ka iya ɗaga shi kai kaɗai ba idan ya kwanta, ya fi ƙarfinka.

Na huɗu, binciken na hannu

A nan ne ake cin riba ko a yi asara, don haka kada ka je kai kaɗai. Tafi da bakanike ko wani babba da ya daɗe yana hawa, wanda ba shi da alaƙa da mai sayarwa. Je da rana, kuma ka roƙa tun a waya kada a tayar da babur kafin ku iso. Da isarka, kai hannu kusa da injin a hankali. Idan da ɗumi, an riga an ɗumama shi, kuma injin da ya yi zafi yana ɓoye wahalar tashi. Ku jira ya huce.

Ya kamata ya tashi a bugu ɗaya ko biyu, da sitata da kuma kik in yana da shi, sannan ya zauna da kansa ba tare da ana riƙe masa totur ba. Saurari ƙwanƙwasa daga cikin inji. Dubi bakin salansa: shuɗin hayaƙi a inji mai bugu huɗu yana nufin yana ƙona baƙin mai, gyaran kuma na buɗe inji ne. Zaro sandar awon mai. Man ya yi duhu ba laifi ba ne, amma idan ya yi ƙasa da layi, ko ya yi kauri kamar kwalta, ko kana ganin ƙyallin ƙarfe a ciki, mai babur ɗin bai damu da shi ba, kuma abin da ba ka gani ya fi wannan muni.

Daga nan ka durƙusa. Kama sarƙa a bayan haƙoran baya ka ja: idan ta ɗago har ka ga rabin haƙori, ta gama aiki. Haƙoran da suka yi tsini suka karkata gefe ɗaya su ma haka. A gefen taya akwai lambobi huɗu na ranar ƙira: 2319 na nufin mako na 23 na shekarar 2019. Tayar da ta haura shekara biyar ko shida takan bushe ta rasa riƙo ko da zanenta bai cinye ba. Shafa sandunan shokar gaba, jiƙewar mai na nufin robarsu ta mutu. Ɗaga tayar gaba ka juya kan babur hagu da dama. Ya tafi sumul, kada ya maƙale a tsakiya. Matse birkin gaba da na baya, gwada fitila, sigina da ham.

Tsaya a bayansa ka hango ko tayoyin biyu suna kan layi ɗaya. Kurje a madubi ko a ƙarshen hannu ba wani abu ba ne, kowane babur na koyo yana da shi, kuma hujja ce ta neman ragi. Abin gudu shi ne sabuwar walda a jikin firam, musamman a wuya, ko sabon fenti a wuri ɗaya tak. Wannan babur ya taɓa cin karo mai ƙarfi. Ba girin-girin ba dai, ta yi mai: sabbin sitika da wanki mai sheƙi ba sa gyara firam.

In ba ka da lasisi tukuna, wanda ya raka ka shi zai zaga da shi, ya shiga kowace giya, ya ji ko yana ja gefe.

Na biyar, takardu

Lambar da aka buga a jikin firam da ta inji su yi daidai da na takarda, harafi da harafi. Lambar da aka goge ko aka sake bugawa, ka juya ka tafi, ko nawa aka rage. Sunan da ke takarda ya zama na mai sayarwa, a kuma rubuta shaidar ciniki mai kwanan wata da sa hannu, da babba a wurin. Rasit ɗin sabis, ko da tsofaffi ne a cikin leda, sun fi lambar kilomita da ke allo gaskiya, domin ita ana iya mayar da ita baya. Mai sayarwa da ke cewa "wani na zuwa yanzu da kuɗi" so yake ka daina dubawa.

Na shida, kada ka ƙarar da kuɗin a kan babur

Ware na hular kwano tun kafin ciniki. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce sa ta yadda ya kamata na rage haɗarin raunin ƙwaƙwalwa da abin da ya kai kashi 74 cikin 100. Ita kam sabuwa za ka saya, mai rufe haɓa, mai tambarin gwaji irin ECE ko DOT, domin wadda ta taɓa buguwa tana iya lalacewa ta ciki ba a gani. Ta kama kanka, kada ta juya idan ka girgiza. Ƙara da safar hannu, takalmi mai rufe idon sawu, da kwaɗo mai ƙarfi, tunda ƙaramin babur mutum biyu na iya ɗauke shi cak.

Ranar da ya zama naka, ko an rantse maka jiya aka yi sabis, a juye baƙin mai, a sa sabon fulogi, a wanke matatar iska, a daidaita sarƙa da iskar taya bisa littafin kamfani. Sai ka nemi fili marar motoci ka yi ta gwada tsayawar gaggawa da birki biyu tare, har hannunka ya daina damƙe na gaba lokaci guda, kafin ka shiga babban titi.