Yadda Ake Haɗa Bafa a Ɗakin Gwajin Bayokemistiri

Kusan duk gwajin da ɗalibin bayokemistiri zai yi a jami'a, daga auna furotin zuwa bin saurin aikin enzayim (furotin mai hanzarta sauyin sinadarai), a cikin bafa ake yin sa, wato ruwan da ke riƙe pH (ma'aunin yawan asid ko alkali a ruwa) kada ya gusa. In bafa ya ɓaci sakamako ya ɓaci, kuma ba kasafai ake ganewa ba sai an zo zana jadawali an ga lambobi sun ƙi haɗuwa. Mu ɗauki wanda aka fi buƙata: bafan fosfet mai ƙarfin mola 0.1 (mola ma'aunin yawan sinadari ne a cikin kowace lita), pH 7.4, lita ɗaya.

Gishiri biyu ake haɗawa, NaH2PO4 a ɓangaren asid, Na2HPO4 a ɓangaren alkali. Kafin ka taɓa sikeli, karanta jikin kwalba da kyau, domin a nan ne yawancin ɗalibai ke faɗuwa. Na2HPO4 busasshe nauyin molarsa giram 141.96 ne, mai ɗauke da ruwa bakwai 268.07, mai ruwa goma sha biyu 358.14. Suna ɗaya, kama kusan ɗaya. Wanda ya yi lissafi da busasshe amma ya ɗebo daga kwalbar mai ruwa goma sha biyu, maimakon mola 0.2 abin da zai samu bai kai 0.08 ba.

Haɗa kowanne daban a ƙarfin mola 0.2: giram 27.6 na NaH2PO4 mai ruwa ɗaya a cikin lita guda, sannan giram 28.4 na busasshen Na2HPO4 a cikin wata litar. Daga nan ɗebi mililita 95 na farkon da mililita 405 na biyun ka zuba a bika, ka ƙara tataccen ruwa har ya kai wajen mililita 900. Kada ka cika lita tukuna, gyaran pH na buƙatar wuri.

Ɗalibi mai lura zai ce lissafin aji bai ba da wannan rabon ba, kuma gaskiyarsa. In ka sa pKa 7.21 (pH ɗin da asid da alkalinsa ke zama daidai wa daida) a ƙa'idar Henderson da Hasselbalch ta lissafin pH ɗin bafa, za ta ce alkali ya zama kusan kashi 61 cikin ɗari, alhali a nan kashi 81 ne. Dalili shi ne 7.21 na ruwa mai tsananin sirki ne. A mola 0.1 gishirin da ke ciki ya yi yawa, sai pKa ɗin da ke aiki ya sauko wajen 6.8. Lissafi zai kai ka kusa ne kawai, hukunci na na'urar auna pH ne.

Ita ma na'urar sai an saita ta a ranar, da ruwan saiti na pH 7 da na 10, tunda 7.4 na tsakaninsu. A ɗauraye sandarta da tataccen ruwa bayan kowane tsomi, a ɗige ruwan da tishu ba tare da gogewa ba. In an gama a mayar da ita cikin ruwan gishirin KCl mai mola 3. Ajiye ta cikin tataccen ruwa yana janye gishirin da ke cikinta, daga nan sai ta fara jinkiri, lamba na yawo.

In pH ya haura, ɗiga ruwan NaH2PO4, in ya gaza, ɗiga na Na2HPO4, kana motsawa kana jira lamba ta tsaya. In da alkalin NaOH ka yi gyara ya wuce, ka dawo da shi da asid ɗin HCl, to ka ƙera gishirin NaCl a ciki, kuma wasu enzayim ba sa jure hakan. Gara a sake sabo. Idan ya zauna a 7.4, juye a filas mai alamar lita ɗaya, ka cika har ƙasan lanƙwasar ruwan ya zauna kan layi, ido daidai da layin, ka jujjuya, ka sake aunawa.

Fosfet ba ya shiga ko'ina. In gwajin na da kalsiyam sai ruwa ya yi gari-gari, domin su biyun suna haɗuwa su kwanta, haka kuma bai dace da gwajin da fosfet ɗin ake aunawa ba. A nan akan koma ga wani sinadarin bafa da ake kira Tris, mai nauyin mola 121.14 da pKa wajen 8.1. Shi kuma matsalarsa zafi: wanda aka saita a pH 8.0 a digiri 25 zai kai kusan 8.6 a digiri 4, don haka a saita shi a zafin da za a yi aiki da shi.

Ƙwayoyin cuta na son bafan fosfet. In zai kwana biyu, a tace shi da matata mai maikiromita 0.22 ko a dafa shi a otokilef (tukunyar tururi mai kashe ƙwayoyin cuta), digiri 121 na minti 15. Ruwan Na2HPO4 mai mola 0.2 kan yi ƙanƙara-ƙanƙara a firji, sai an ɗumama shi ya narke duka kafin a ɗiba, in ba haka ba abin da ka ɗebo ya fi abin da ke rubuce rauni. A jikin kwalba rubuta sunan bafa, ƙarfinsa, pH, zafin da aka auna shi, da kwanan wata.